Mai Wurin Ya Yi Tafiya

Duk wanda ya taɓa zama a Dabiwa, can gabas da Haɗejiya inda tudu yake ƙarewa fadama ta fara, ya san Umara Magini, ko dai ya ji labarinsa. Yawancin masu ba da labarin da dariya suke farawa. Babu abin dariya a ciki, amma mutanen Dabiwa ba su taɓa rasa haƙoran yin ta ba.

Umara ba ɗan garin ba ne. Daga ƙasar Kanem ya fito, can bayan tafkin Chadi, a farkon shekarun tamanin, lokacin da yaƙi ya hana kowa sakat a ƙasarsu. Wata safiya motocin masu bindiga suka shiga garinsu. Kafin azahar babu kasuwa, babu zawiyar shehinsa wadda shi da mahaifinsa suka gina da hannunsu, babu matarsa. Ya binne ta, ya saɓa 'yarsa Rahmatu a kafaɗa, ko yaye ba ta daɗe da yi ba, ya nufo yamma. Wani wuri a ƙafa, wani wuri a bayan akori-kura, har Nguru. Daga nan jirgin ƙasa ya kawo su Malam Madori, suka sauka saboda guzuri ya ƙare. Abin da ya tsira da shi carbinsa ne da sana'arsa, sai 'yar Hausar da ba ta wuce "sannu" da "na gode" ba.

A kasuwar tasha ya gamu da Malam Shu'ibu, muƙaddamin 'yan Tijjaniyya na Dabiwa, wanda ya zo sayar da akuya. Malam ya ga yadda baƙon yake jan carbi, ya gane ɗan'uwa ne a ɗariƙa, ya taho da su gida. Ba za a ci haƙƙin Malam Shu'ibu ba, ya yi wa Umara abin da ba kowa zai yi ba. A shekarar da aka ce duk baƙon da ba shi da takarda ya tattara ya bar ƙasa, cikin rumbun gero ya ɓoye su, shi da yarinyar, ya tsaya a ƙofar gida ya ce wa masu bincike babu kowa a ciki sai iyalinsa. Da Umara ya fito daga rumbun, ƙaiƙayi duk ya cinye masa jiki, ya kama hannun Malam ya yi alkawari da gurguwar Hausarsa cewa zai gina musu zawiya irin ta shehinsa. A lokacin a ƙarƙashin wata rumfar zana suke wazifa, wadda awaki suka riga suka ci rabinta.

Sai maganar fili ta taso. Tudun Dabiwa ɗan siriri ne, kowane taku da mai shi, kuma babu wanda zai ba da ko wurin ɗaure jaki, har dangin Malam Shu'ibu kansa. Aka je gaban Bulama Abubakar, dattawa suna zaune. Bulama ya miƙa sandarsa ya nuna gangaren gari, wani fili fetal mai baƙar ƙasa da ta tsattsage.

"Ga wuri can, iyakar ganinka," in ji Bulama. "Amma fa da mai shi."

"Ina yake?" Umara ya tambaya.

"Ya yi tafiya."

Dattawa suka fara ƙunshe dariya a cikin rawani.

"Zai dawo?"

"To, wa ya sani? An ce yana ƙasar Kano. Gwamnati ce ta tsare shi."

Kowa a wurin ya san wanda ake nufi. Ruwa ne. Mutanen fadama haka suke maganar kogi kamar wani ɗan'uwansu: ya zo, ya kwana, ya tafi, bana ya yi rowa. Wannan filin makwancinsa ne tun kaka da kakanni, nan yake shimfiɗa kowace damina. Amma tun da aka yi madatsun ruwa a can sama, fari kuma ya biyo baya, shekaru suka wuce bai leƙo ba. Umara kuwa ya fito daga inda ruwa yake zaune a rijiya, ba ya kai wa kowa ziyara. Abin da ya sani sarai shi ne mutumin da ya bar gidansa ba da son ransa ba, da mutumin da hukuma ta tsare. Idanunsa suka ciko. Ya dafa ƙirji ya ce wa Bulama zai riƙe wurin amana har mai shi ya dawo.

Dariyar ta fashe. Malam Shu'ibu yana zaune, ya sunkuyar da kai. Kalma ɗaya ce da ta isa, kuma duk cikinsu babu wanda ya faɗe ta. Wasu don daɗin wasan, wasu don sun fara yarda ruwan ya tafi ke nan, wasu kuma don in aka faɗa, to sai wani ya matsa a tudu.

Umara ya kama aiki. Ƙasar wurin ta yi masa daɗi, laka ce mai danƙo, irin wadda magini yake mafarki. Yana haƙa yana tsintar ɓawon katantanwa da ƙashin kifi, sai ya ce ikon Allah, wataƙila tun na zamanin Annabi Nuhu ne. Shi ke kwaɓa, shi ke murza tubali, shi ke ɗorawa. 'Yan'uwan zawiya sukan zo su taya shi ɗauko azara in sun ga dama. Rani bayan rani ginin yana tashi: bango mai kauri wanda jaki zai iya kwanciya a kansa, ginshiƙi a tsakiya, bakan gizo ya tashi daga gare shi ta kowane ɓangare, alƙibla mai zurfi, sannan tulluwa a sama, aka shafe waje da makuba har yana ƙyalli. Masu wucewa zuwa kasuwar Kafin Hausa sukan tsai da jakunansu su yi kallo.

A gefen zawiyar ya gina ɗaki biyu. Ɗaya nasa da Rahmatu. Ɗayan ya shimfiɗa sabuwar tabarma, ya ajiye buta, ya ce na mai wuri ne, kada ya dawo ya rasa inda zai sa kansa. Kullum da safe sai Rahmatu ta share shi. Wannan ɗakin ya ciyar da zaurukan Dabiwa da hira shekara da shekaru. In samari suka gamu da Umara sai su ce, "Magini, an ji labarin mutumin naka kuwa?" Ya ce bai ji ba. Su ce, "Ai an ƙara masa wani kurkukun, wannan karon ya fi na da tsawo." Umara ya girgiza kai ya wuce da baƙin ciki, su kuma su riƙe ciki.

Abin da ya fi ciwo shi ne addu'ar. Ranar da aka fara zikirin Juma'a a sabuwar zawiya, bayan an naɗe farin ƙyallen da ake shimfiɗawa a tsakiyar masu zikiri ana shirin shafa fatiha, Umara ya ɗaga murya daga sahun baya.

"Allah gafarta Malam, a sa mai wuri a addu'a. Allah ya sake shi, ya koma gidansa."

 Malam Shu'ibu ya dube shi, ya dubi jama'a, sannan ya ɗaga hannu ya yi addu'ar. Amin ɗin da aka amsa har tulluwa sai da ta ɗauka. Kuma wannan karon babu wasa a ciki. Manoman da shinkafarsu take ƙonewa a tsaye, masuntan da gorunansu da komarsu suka bushe a rataye, duk da zuciya ɗaya suka ce amin, wasu har da hawaye. Umara ya ji daɗi ƙwarai, ya ce lalle mutumin nan yana da farin jini a garinsu. Daga ranar addu'ar ta zama al'ada, kowace Juma'a sai an yi ta.

A cikin tulluwar ya yi aikin da ya fi so. Yaɓen yana ɗanye ya hau tsani ya yi zane da yatsunsa, layuka suna lanƙwasa suna shiga juna suna fita. Mutanen Dabiwa suka ce ado ne irin na Barebari. Ba ado ba ne. Lungunan garinsu ne ya zana, yadda ya san su da ƙafarsa. In babu kowa sai ya zaunar da Rahmatu a tsakiyar zawiya ya ɗaga mata haɓa. "Kin ga nan? Rijiya ce. Bi wannan layin, ki juya dama, ga gidan kakanki. Wannan ɗigon, nan uwarki take kwance." Yarinyar ba ta tuna komai na garin ba, a rufin nan ta koye shi. Shi kuma in ana hailala yakan ɗaga kai, bakinsa yana ambaton Allah, idonsa yana tafiya gida.

Bayan an rufe ginin aka ɗaura masa aure da 'Yar'azumi, wata bazawara mai bandar kifi, wadda rashin kifi ya mayar mai ƙuli-ƙuli. Mace ce da ba ta iya tauna magana ba. Ba ta daɗe da tarewa ba ta ga Rahmatu ta fito daga ɗakin nan da tsintsiya. Ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Malam, wai tsakaninka da Allah, da gaske kake, ko kai ma taya su wasan kake yi?"

"Wane wasa?"

"Wannan ɗakin. Wa kake jira?"

"Mai wuri mana."

"Innalillahi. Malam, ruwa ne fa. Kogi. Nan inda kake tsaye, ina yarinya ubana a jirgi yake wucewa. Ƙashin kifin da kake tsinta ka ɗauka aljanu ne suka ci suka zubar?"

 A lokacin Hausar Umara ta nuna, ya iya ciniki, ya iya faɗa. Maganganun shekaru suka riƙa dawo masa ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta juya ta nuna masa ainihin fuskarta. Kunya ta fara kama shi, sannan fushi. Ko hula bai ɗauka ba ya hau tudu, ya sami Malam Shu'ibu a zaure yana duba littafi.

"Allah gafarta Malam, ka sani?"

Malam bai yi kamar bai gane ba. Ya rufe littafin. "Na sani, Umara."

"Kana zaune a wurin. Ka ɓoye ni a rumbunka, amma ka kasa faɗa mini kalma ɗaya."

"Na ɗauka ba zai dawo ba. Daga baya kuma ginin ya yi nisa, na ji nauyi." Sannan ya koma muryar da yake wa'azi da ita. "Ka yi haƙuri. Ai mu duka nan zaman aro muke yi. Wanda ya shiga hanyar nan ba ya ɗaura zuciyarsa a bango."

"Ni za a koya wa aro, Malam? Na bar gari guda a bayana." Ya juya zai fita, ya waigo. "Amma na lura ku naku aron a kan tudu kuka karɓa."



Daga nan rayuwar Umara ta zama abin tausayi na gaske. Bai bar zawiya ba, ina zai je? Amma addu'ar da shi ya kawo ta zame masa ƙaya. Ba a daina ta ba, tunda jama'a suna bukatar ruwan. Kowace Juma'a Malam zai roƙi Allah ya saki mai wuri, sahu ya amsa. In Umara ya ce amin, ya roƙa wa aikin hannunsa rushewa. In ya ƙi, ya roƙa wa maƙwabtansa yunwa, har da dangin matarsa da yake gani suna tafiya ci-rani da ƙullin tsumma. Sai ya riƙa ɗaga hannu bakinsa a rufe. Shekaru ya yi a haka, kuma ya sha faɗa wa 'Yar'azumi cewa sun raba shi da daɗin zikiri, wannan ne ba zai yafe ba.

Ya mayar da ɗakin mai wuri na ajiyar kaya. Ya fara tayar da jinga ta kewaye zawiyar, kowane rani ya ƙara mata tsawo. Ya nemi a yi masa gayya, aka ce in an gama girbi, aka ce in an gama sussuka. Mutum biyu ko uku suka zo, suka yi rabin yini. Gashinsa ya yi fari a kan jingar nan. Rahmatu ta girma aka kai ta Kafin Hausa. Aka yi sabuwar jiha, aka canja allunan ofisoshi, shi dai har yanzu in za a kwatanta shi sai a ce baƙon nan na gangare.

A wata damina cikin shekarun casa'in sama ta buɗe kamar ba za ta rufe ba. Aka ji a rediyo madatsun sun cika, an saki ruwa. Ruwan fadama ba ya zuwa da gudu. Da hantsi aka fara hango shi yana rarrafowa ta cikin ciyawa, yana cika tsagar ƙasa, tsuntsaye suna binsa. Yara suka ruga tudu suna ihu, "Ya dawo! Ya dawo!" Mata suka saki guɗa. Tsofaffin masunta suka sauko da gorunansu suna kakkaɓe yanar gizo, wani yana kuka yana dariya.

Umara yana kan jingarsa da kwando. Jingar ta yi ƙoƙari, ta riƙe na ɗan lokaci. Amma ruwan bai hau ta kanta ba, ta ƙarƙashi ya ɓullo, a tsakiyar zawiyar ma, ta hanyoyin da ya sani tun kafin a haifi kakan Bulama. 'Yan'uwa suka zo da sauri suka kwashe tabarmi da littattafai da farin ƙyalle zuwa tudu. Wannan kam sun yi shi da himma. 'Yar'azumi ta ɗora tukwane a ka, ta ja mijinta da hannu zuwa zauren yayanta.

Ginin ƙasa ba ya faɗuwa lokaci ɗaya. Daga gindi yake shan ruwa, damshi ya riƙa hawa, makuba ta riƙa ɓamɓarewa. Kullum Umara yana bakin tudu yana kallo. Da ya ga bangon arewa ya fara ciki, ya roƙi wani masunci ya shigar da shi a jirgi. Suka kutsa ta ƙofa suna sunkuyawa. A ciki ruwa ya kai rabin ginshiƙi, haske yana wasa a rufi. Umara ya kwanta rigingine a cikin jirgin ya bi lungunan da ido, daga rijiya zuwa gidan mahaifinsa, daga nan zuwa ɗigon. Tsaga ta riga ta ratsa ta kasuwar da ke cikin zanen. Masuncin ya ji ƙasa tana zubo masa a wuya, ya ce shi fa yana da 'ya'ya, ya tura jirgin waje.

Bayan la'asar ɗin wata Talata bangon ya durƙusa, tulluwar ta bi shi. Ƙarar ba ta fi ta buhun da aka sauke daga kan jaki ba. Ruwa ya yi baƙi, ya yi kumfa, ya kwanta. Umara bai yi kuka ba. Ya ce wa matarsa, "Yau aka gama cinye garinmu," ya shiga zaure ya juya fuska bango.

Shekarar kuwa ta yi albarka, wannan ma dole a faɗa. Shinkafa ta yi, kifi ya yi arha, waɗanda suka tafi ci-rani suka dawo. 'Yar'azumi ta koma bandarta. Masunta suka gano tarwaɗa tana son taruwa a kwarmin alƙiblar da ya rage a tsaye, suka kafa tarkonsu a nan. Wata rana ɗayansu ya shigo zaure da manya guda biyu a igiya, ya ajiye gaban Umara da fara'arsa, ya ce rabonsa ne, tunda a gininsa aka kama. Ba da mugunta ya yi ba. Umara ya dubi kifin yana motsa baki, ya ce a kai wa Malam Shu'ibu, shi ne ya yi addu'ar.

Da ruwa ya janye, Malam da Bulama suka aiko a kira shi. Suka yi masa jaje, suka yaba aikinsa, sannan suka ce jama'a sun saba da zawiya, ko zai daure ya sake tayar da ita.

"A ina, ranka ya daɗe?"

Bulama ya yi gyaran murya. "To, ai ka san yadda tudun yake. Amma an ce irin wannan ruwan ba kowace shekara ba ne."

Umara ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya tashi ya sa takalmansa. Tun daga ranar bai ƙara taɓa laka ba. Ko katangar bayan gida ta zube, sai dai 'Yar'azumi ta nemo wani. Wazifarsa ya koma yi shi kaɗai a zauren surukinsa. Daga baya wani alhaji ya rushe garken shanunsa ya yi masallacin bulo da kwano a tsakiyar gari. Ashe dai akwai wuri a tudun.

Bai kai ƙarshen shekarun casa'in ba. Ciwon ƙirji ya kwantar da shi bayan girbi, ya cika da safe, Rahmatu tana riƙe da kansa. Garin ya fito jana'iza sosai, Malam Shu'ibu ya yi masa salla yana share hawaye, kowa yana cewa an yi rashin bawan Allah. Maƙabartar Dabiwa a ƙoƙuwar tudu take, inda ruwa bai taɓa zuwa ba, kuma a ranar babu wanda ya ce wurin da mai shi. Aka sa shi, aka jera itace, samari suka kwaɓa ƙasar da za a liƙe. Cikin gaggawa suka yi, ta yi ruwa tsululu, tana zurarewa ta tsakanin itacen tana ɗiga a kan likkafani. Wani dattijo ya ce a ƙara mata busasshiya. Aka ce a bar ta haka, rana tana yi, mutane za su gona.